Tsohuwar Zuma ko Kewar Ƙuruciya? Muhawara Kan Tsofaffin Wasannin Bidiyo

Wasan Super Mario Bros. da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985, da matakansa 32 da kiɗansa da dodanninsa, duka-duka nauyinsa kilobayit 40 ne. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau da yawa. Manyan wasannin wannan zamani kuwa wasunsu sun haura gigabayit 100, ɗaruruwan ma'aikata ke shafe shekaru suna gina su, har zufar goshin ɗan ƙwallo sai ka gani a allo. Duk da haka akwai mutanen da za su rantse maka cewa ɗan mitsitsin nan na 1985 ya fi su. Akwai kuma matasa da ke ƙera sababbin wasanni da gangan cikin tsohuwar kama, hoto ɗigo-ɗigo, kiɗa tsit-tsit, kuma ana rububin sayensu.

Masu wannan ra'ayi suna da karin maganarsu: da tsohuwar zuma ake magani. Abokan hamayyarsu ma ba su rasa tasu ba: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A wurin waɗannan, yabon nan duk kewar ƙuruciya ce. Mutum ya girma, nauyi ya hau kansa, sai ya riƙa jingina wa wasan daɗin da a gaskiya na shekarunsa ne. Gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, domin kowane ɓangare yakan cakuɗa tambayoyi daban-daban wuri guda: ko wasan yana da daɗin bugawa yau, ko yana da matsayi a tarihi, ko kuwa nawa ake sayar da kasetinsa a kasuwa.

Tushen yawancin wasannin da ake magana a kai shi ne injin kwandala: akwati mai tsayin mutum, da allon talabijin a cikinsa, da sandar juyawa da 'yan maɓallai, da ramin jefa kuɗi. A Amurka senti 25 ake jefawa, a Japan yen 100. Ana ajiye shi a mashaya, a gidan abinci, ko a ɗakin wasa na musamman. Babbar hujjar masu yabo daga nan take fitowa. Injin da ke tsaye a bainar jama'a ba shi da littafin bayani, ba shi da mai koyarwa. Mai wucewa zai kalle shi na 'yan daƙiƙoƙi, in bai gane abin da ake yi ba ya yi gaba da kuɗinsa. Nolan Bushnell ya ɗanɗana wannan a 1971 da wasansa Computer Space, wanda ya yi wa mutane wuyar fahimta, bai yi kasuwar da aka zata ba. Shekara guda bayan haka kamfaninsa Atari ya fitar da Pong, sanda biyu da ƙwallo ɗaya. An ajiye na gwaji a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, ba a daɗe ba aka kira Allan Alcorn, injiniyan da ya haɗa shi, cewa injin ya lalace. Da ya buɗe sai ya tarar kuɗi ne suka cika ma'ajin har suka toshe shi.

Masu yabo suna cewa wannan matsi ne ya haifi gwaninta. Mai ƙera wasa a lokacin ba shi da hoto mai ɗaukar ido da zai fake a bayansa, ba shi da dogon labari, ba shi da muryar jarumin fim. Abin da ya rage masa shi ne wasan kansa. Space Invaders na kamfanin Taito, 1978, misali ne mai kyau. Tomohiro Nishikado ya jera baƙin halittu 55 suna saukowa sannu a hankali. Na'urar ba ta da ƙarfi, don haka idan halittun suna da yawa sai su yi tafiyar hawainiya, kana kashe su aikin na'urar yana raguwa, saura suna ƙara sauri. Nishikado ya ga haka ya bar shi yadda yake. Rauni ne na inji, amma shi ya zama ruhin wasan: gwargwadon kusantarka da nasara, gwargwadon tsanantar haɗari, kiɗan nan mai sauti huɗu yana ƙara gudu tare da bugun zuciyarka.

Inda hujjar ta fi ƙarfi, a ganina, shi ne Pac-Man, wanda Toru Iwatani da abokan aikinsa suka yi wa kamfanin Namco a 1980. Wanda bai sani ba zai ɗauka fatalwoyi huɗu ne ke bin sa da gudu kawai. Ba haka ba ne. Kowace da halinta. Ja tana bin ka kai tsaye, duk inda ka sa ƙafa. Mai ruwan hoda ba inda kake take nufa ba, gida huɗu a gabanka take hari, wato tare hanya take yi. Shuɗiya tana auna inda kake fuskanta da inda jar take, ta fitar da wurin da za ta nufa, shi ya sa take da wuyar sha'ani. Mai ruwan lemo kuwa tana bin ka muddin kana nesa, da ta matso tazarar gida takwas sai ta juya ta nufi kusurwarta kamar ba da kai take ba. Lokaci-lokaci kuma dukkansu sukan watse zuwa kusurwoyinsu, su ba ka damar numfasawa kafin su dawo. Dokoki ne 'yan kaɗan, yaro zai iya haddace su, amma haɗuwarsu tana haifar da tarko iri-iri da mutum zai shekara yana nazari. Ba banza ba gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya sa Pac-Man da Tetris cikin wasanni 14 na farko da ya karɓa a 2012, ya ajiye su a sashen zane da ƙira.

To amma masu suka suna cewa a dakata. Kwandalar nan da ake yabo, ita ce kuma tushen ɓarna. Injin ba don Allah aka ajiye shi ba. Mai shago yana son layi ya riƙa tafiya, kuma wanda ya jefa kuɗi ɗaya ya riƙe inji rabin awa asara ne a wurinsa. Saboda haka ake tsara wasa yadda ɗan koyo ba zai wuce minti biyu ko uku ba. A cikin akwatin akwai wasu ƙananan makunnai da mai shago kaɗai ke iya taɓawa, ya rage yawan rayukan da ake ba ɗan wasa, ya ƙara wahala, ya ɗaga makin da ake buƙata kafin a sami ƙarin rai. Wato wahalar da wasu ke alfahari da ita yau, suna cewa wasannin da sai namiji, wani ɓangarenta lissafin ciniki ne tsagwaronsa.

Misalai ba su da wuyar samu. A Gauntlet na Atari, 1985, ƙarfin jarumin yana zubewa da kansa ko ba abin da ya taɓa shi, kuma hanya mafi sauƙi ta cike shi ita ce a ƙara jefa kuɗi. Dragon's Lair na 1983, wanda Don Bluth, tsohon ma'aikacin Disney, ya zana hotunansa, ya rikita mutane da kyau, kamar fim ɗin katun ake kallo, kuma senti 50 ake biya, ninki biyu na sauran. Amma wasan ba komai ba ne illa ka danna hagu ko dama a daidai daƙiƙar da ake so, sau da yawa ba tare da wata alamar kirki ba. Ka mutu, ka biya, ka haddace, ka matsa taku ɗaya, ka sake mutuwa. Ghosts 'n Goblins na Capcom, 1985, duka biyu ke kashe jarumin, kuma bayan ka sha baƙar wahala ka kai ƙarshe sai a ce maka duk abin da ka yi ruɗi ne, koma farko. Waɗanda suka buga wasannin faɗa na shekarun 1990 kuma sun san irin bos ɗin ƙarshe da yake karanta maɓallin da ka danna kafin hannunka ya sauka. Don haka mai zagin wasannin waya na yau saboda kullum suna neman a sayi rai ko lu'ulu'u, ya kamata ya san cewa kakansu yana nan tsaye a ɗakin wasa tun shekara arba'in da suka wuce. Iyaye ma a lokacin ba su yarda da abin ba. A ƙasar Filifin, shugaba Ferdinand Marcos ya haramta injinan baki ɗaya a 1981.

Wannan suka gaskiya ce, sai dai ba ta hau kan kowa ba. Wahala iri biyu ce, kuma tambaya ɗaya ke raba su: da ka mutu, laifin wa? A Pac-Man, ko Galaga na 1981, ko Donkey Kong da Shigeru Miyamoto ya yi a wannan shekarar, duk abin da zai kashe ka a fili yake, ka gan shi yana zuwa, kai ne ka yi jinkiri ko ka yi haɗama. Ka tashi kana cizon yatsa, kana sane da abin da za ka gyara. Gobe da kwandala ɗaya za ka daɗe fiye da yau, har ta kai gwanaye suna shafe sa'o'i da kuɗin da ɗan koyo ke ƙonawa a minti biyu. Irin wannan wasa yana sayar maka da darasi. Ɗaya nau'in kuwa haraji yake karɓa: gwaninta ba ta rage maka kuɗi sosai, aljihu ne ke kai ka ƙarshe. A ɗakunan wasa na Japan har al'ada ta kafu cewa ba a ce ka gama wasa sai ka gama shi da kwandala ɗaya tak. Wasan da hakan ke yiwuwa a cikinsa ta hanyar ƙwarewa ya yi adalci, komai tsananinsa.

Suka ta biyu ta fi ta farko ciwo. Masu yabo kullum sunaye goma zuwa ashirin suke juyawa, alhali dubban wasanni aka fitar a wancan zamani. Ina sauran? An manta da su, kuma yawancinsu sun cancanci a manta da su. Kowane wasa da ya yi kasuwa sai an sami kwaikwayonsa barkatai, an canza launi an canza suna. A 1982 Atari ya ba Howard Scott Warshaw kimanin mako biyar ya haɗa wasan fim ɗin E.T. don ya riski kasuwar Kirsimeti. Abin da ya fito ya zama abin kwatance wajen rashin kyau, mutane suka riƙa mayar da shi shago. A 1983 kasuwar wasannin gida ta Amurka ta durƙushe saboda tarin shara irin wannan, Atari ya kwashi ɗimbin kaset da ba su sayu ba ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Mutane sun daɗe suna ɗaukar labarin almara, sai a 2014 aka tona aka same su. Wanda ke cewa da can komai mai kyau ne, lokaci ne ya tace masa, ya zubar da tsakuwa ya bar masa tsaba. Idan aka tace wasannin yau haka nan da shekara arba'in, su ma za su yi kama da zamanin zinariya.

Mu a nan muna da namu kason na wannan. Akasarinmu ba mu taɓa tsayawa gaban injin kwandala na asali ba. Wasannin sun iso mana ne ta na'urorin kwaikwayon Nintendo masu araha, da kaset mai ɗauke da alƙawarin dubban wasanni a bayansa, ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Sai Sega da Mortal Kombat a gidan gem, inda wanda aka ci shi ke biya, na bayansa na jiran ya miƙa hannun wasa. Bayan shigowar wayar salula a 2001 kuma macijin Nokia 3310 ya shiga aljihun kowa, shi ma jikan wani wasan injin kwandala ne mai suna Blockade na 1976. Mai suka zai ce a tambayi kowa abin da yake tunawa. Zai ambaci ihun abokai, da fargabar kada a ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, da satar hanya daga aike. Wasan kansa sai daga baya zai zo a lissafi. Da yawa daga cikin masu rantsuwa da Contra, in ka damƙa musu shi yau, minti goma ba za su yi ba za su ajiye.

Da a nan maganar ta tsaya, da na bai wa masu suka gaskiya. Abin da ya hana ni shi ne Tetris. Alexey Pajitnov ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, a wata cibiyar kwamfuta ta Tarayyar Sobiyat, kan na'urar da ko hoto ba ta iya zanawa, da alamomin rubutu ya haɗa tubalan. Nau'in da Nintendo ya fitar a 1989 shi ake gasar duniya da shi tun 2010. Jonas Neubauer, wanda ya tashi da wasan tun yana yaro, ya lashe bakwai daga cikin gasa takwas na farko. A 2018 wani yaro ɗan shekara 16, Joseph Saelee, ya kayar da shi a wasan ƙarshe. An haifi Saelee fiye da shekara goma bayan fitowar kasetin, a YouTube ya ga ana gasar ya yi sha'awa. Daga nan yara suka kwararo. Shekaru da dama an yi ittifaƙi cewa mataki na 29 shi ne iyaka, domin tubalan suna faɗowa da saurin da hannu ba ya iya kai su gefe. Sai matasa suka rungumi salon karkarwar yatsa, suna danna maɓalli fiye da sau goma a daƙiƙa. Bayan haka wani ya gano a riƙa kaɗa yatsu a bayan hannun wasan kamar mai kiɗan kalangu, saurin ya ninku. A watan Disamba na 2023 Willis Gibson, ɗan shekara 13 daga jihar Oklahoma, ya kai mataki na 157, inda lissafin wasan ya rikice ya tsaya cak, abin da a da manhajar kwamfuta kaɗai ta taɓa yi.

Wace ƙuruciya ɗan shekara 13 yake kewa? Yana da damar buga duk wani sabon wasa a duniya, ya zaɓi na shekara 34. Nan ne hujjar kewa ta karye. Haka nau'in Street Fighter III na 1999: a gasar Evo ta 2004 Daigo Umehara, da ɗan ran da ya rage masa bai fi ƙiris ba, ya kare duka 15 a jere daga Justin Wong ya juya ya ci wasan, kuma shekara ashirin bayan haka, a 2024, an sake dawo da wasan cikin jerin manyan wasannin gasar. Wasa irin wannan dangin dara ne. Ramuka ne a ƙasa da 'yan tsinke da duwatsu, ba wanda ya taɓa cewa dara ta tsufa don ba a yi mata sabon fenti ba, domin daɗinta yana cikin dokokinta da kan abokin karawarka.

Sai dai kada masu yabo su yi saurin buga ƙirji. Abin da Tetris ya tabbatar shi ne cewa wasu tsofaffin wasanni ba sa tsufa. Bai wanke sauran dubban ba. Ko Pac-Man ɗin ma yana da tabo. Tunda fatalwoyin doka ɗaya suke bi kullum, gwanaye sun gano hanyoyin da in ka haddace su ba abin da zai taɓa ka, wasan ya koma tilawa, har zuwa mataki na 256 inda rabin allon ke hargitsewa saboda ma'aunin ƙidayar na'urar ya cika. Makin ƙoli sananne ne, 3,333,360, ba ƙari. Ms. Pac-Man na 1982 ya gyara matsalar tilawar ta hanyar sa wa wasu fatalwoyin ɗan rashin tabbas a tafiyarsu, kuma mutane da yawa, har da ni, suna ganin ya fi na asalin daɗin bugawa. Na farko ya fi matsayi a tarihi, na biyu ya fi a hannu. Pong ma haka: ba mai musun girmansa, amma ba na jin akwai wanda zai yi hira da shi dare guda yau.

Akwai kuma rashin adalcin da ake yi wa tsofaffin wasanni wajen gwaji. Mutum ya sauke ɗaruruwa a waya, ya buga da maɓallan gilashi da yatsa ke zamewa a kai, da rayuka marasa iyaka, ya gama wasan faɗan titi cikin rabin awa ya ce ba komai a ciki. Ai dole. An gina shi ne a kan tsoron ƙarewar kuɗi, ka cire tsoron ka cire rabin wasan. Hotunan ma an zana su ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ke narkar da ɗigogin su haɗu su yi laushi. Murabba'ai masu kaifi da muke gani a allon zamani ba su ne yaran 1988 suka gani ba. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt ma sam ba ta aiki da talabijin ta bango.

Wannan ya kawo mu ga sababbin wasanni masu tsohuwar kama, inda gardamar ta fi zafi. Masu suka suna cewa lalaci ne aka yi wa ado: wanda ba shi da kuɗin zane mai kyau sai ya fake da sunan salon da, ya sayar wa manya ƙuruciyarsu. Sau da yawa haka ne, shagunan intanet cike suke da irinsu. Suna ma ba ya ceto. Keiji Inafune, wanda ya yi fice da jerin Mega Man, ya tara kusan dala miliyan 4 daga hannun masoya a 2013 da alƙawarin farfaɗo da irin wancan wasa. Mighty No. 9 ya fito a 2016 bayan ɗage-ɗage, ya bar mutane da takaici. A shekarar 2013 ɗin dai wani ƙaramin kamfani, Yacht Club Games, ya tara kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, ya fitar da Shovel Knight a 2014, kuma har yau ana misali da shi.

Sirrin Shovel Knight shi ne bai kwafi zamanin da yadda yake ba, ya kwafi yadda mutane ke tuna shi. Ya ƙara launukan da tsohuwar na'urar ba ta da su, ya faɗaɗa allo, ya kawar da ƙyaftawar hoto da ke faruwa a da idan abubuwa suka yi yawa a layi ɗaya. Ya jefar da ƙidayar rayuka, tunda ba kwandalar da ake jira. In ka mutu dukiyarka ce ke zubewa, kana iya komawa ka kwaso. Har wuraren da wasa ke ajiye maka ci gabanka an ba ka zaɓi ka fasa su ka ɗebi lada, in ka yarda da kanka. Celeste na 2018 ya fi yawancin wasannin da wuya, mutum yakan mutu sau dubbai, amma kowace mutuwa daƙiƙa ɗaya take ci, ka dawo kusa da inda ka faɗi, kuma akwai zaɓin sassauci ga wanda hannunsa ba ya kaiwa. Cave Story kuwa mutum ɗaya ne, Daisuke Amaya, ya shafe shekara biyar yana haɗa shi a lokacin hutunsa, ya sake shi kyauta a 2004. Ba don sauƙin wannan salo ba, da mutum ɗaya bai isa ya yi wasa shi kaɗai ba, kuma wannan kaɗai ya isa a daina yi wa salon kallon raini. Vampire Survivors na Luca Galante, mai hoto kamar na 1990 da farashin da bai wuce 'yan daloli ba, shi ya lashe kyautar BAFTA ta gwarzon wasa a 2023, a gaban Elden Ring da God of War Ragnarök. Ko da yake a nan mai suka zai yi murmushi, don Galante ya taɓa aiki a masana'antar wasannin caca, kuma walƙiya da kiɗan da ke tashi in ka buɗe akwatin lada sun nuna inda ya yi karatu.

Ra'ayina shi ne sabon wasa mai tsohuwar kama ya cancanci hukunci mafi tsanani fiye da na asali. Nishikado da Iwatani ba su da zaɓi, da abin da ke hannunsu suka yi aiki. Wanda ya zaɓi ƙunci da kansa a yau, alhali yana da yalwa, dole ya nuna abin da ƙuncin ya ƙara masa. In ya dawo da mugun tsalle da mutuwar ba gaira ba dalili don wai haka ake yi a da, ya kwafi cutar ya bar maganin.

Batun kuɗi kuwa ba ya buƙatar dogon zance. A watan Yuli na 2021 an yi gwanjon kasetin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56, wata guda bayan haka na Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. An yi ta zargin cewa da hannun masu cin riba a hauhawar, har magana ta je kotu, kuma farashin ya faɗo daga baya. Ko ma mene ne, wanda ya saya leda da kwali ya saya, don ranar da ya buɗe ya buga, ranar kuɗinsa suka narke. Wasannin nan biyu an sayar da miliyoyinsu, ba ƙarancinsu ake yi ba. Farashin gwanjo ba ya faɗa maka komai game da ingancin wasa. Kasetin E.T. da aka tono daga juji ma an saye su da tsada.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023, wanda ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa ta halal. Kamfanoni sun mutu, haƙƙin mallaka ya warwatse, injinan suna ruɓewa. Abin da ya ceci da yawa shi ne manhajar MAME da wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara a 1997, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin injina. Kamfanoni suna kallon yaɗa wasannin a matsayin satar fasaha, kuma doka tana bayansu. Masu adanawa suna cewa abin da ba ka sayarwa kuma ba ka adanawa, hana wani adana shi ɓarna ce. A nan har mugun wasa yana da daraja, irin darajar tsohuwar takarda a ɗakin ajiya: ba don a ji daɗinsa ba, don a san yadda aka faro. Ga mai ƙaramar waya da datar da ake auna ta da cokali kuma, wasan da bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ba ya neman intanet, ba ya tsayar da kai don talla, yana da wata daraja ta daban da mai gwanjo a Amurka bai san da ita ba.

Hukuncina dai shi ne masu suka sun yi gaskiya a kan mafi yawan tsofaffin wasanni, masu yabo kuma sun yi gaskiya a kan 'yan ƙalilan, kuma 'yan ƙalilan ɗin nan suna cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ƙerawa a wannan fanni. Tetris, Ms. Pac-Man, Galaga, Super Mario Bros. da Street Fighter II na 1991 za su tsaya gaban kowane wasa na bana ba tare da an yi musu rangwamen shekaru ba. Dragon's Lair da E.T. wurinsu gidan tarihi. Kai kuma mai karatu, in kana son gwada wanda kake rantsuwa da shi, kada ka dogara da tunaninka. Samo hannun wasa na gaske, ka ƙayyade wa kanka kwandala uku kacal, sannan ka miƙa wa ƙaninka ko ɗanka da bai taɓa jin sunan wasan ba, kada ka ba shi labarin komai, ka ga ko zai nemi a sake.